A Bar Kyamarar, A Ceci Nagatif

Fim ya dawo, in ji 'yan birni. Kamfanin Leica ya sake fito da M6 a 2022, Pentax ta ƙera sabuwar kyamarar fim a 2024, sai ga tsofaffin kyamarorin da aka cusa ƙarƙashin gado shekara ashirin sun zama kayan gayu. Daga Legas da Abuja abin ya hau Kano, ya iso Sakkwato, ya gangaro mana Sifawa ta cikin waya. Masu yinsa a nan ba su da yawa, amma suna nan, kuma duk hanya ɗaya suke bi. Saurayi zai tono kyamarar mahaifinsa ko ta kawunsa, ya kakkaɓe ƙura, ya ɗauki fim ɗaya ko biyu. Kafin a wanko masa na uku, masu bidiyo a YouTube da dillalan Instagram sun riga sun raina masa abin hannunsa. Mai Zenit ya fara hangen Pentax, mai Pentax ya fara hangen Nikon FM2, mai Nikon kuma ba ya barci saboda Leica. Tambayar da ake ta jefawa ita ce: wacce ta fi, kuma in na ƙara kuɗi na sauya, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Ba za ta biya ba. Mun faɗa ba kara, kuma mun ƙara da cewa wannan muhawara tana cinye kuɗi da hankalin da wani aiki mafi gaggawa yake jira a garin nan.

Mu da muke wannan magana, rubuta manhaja ce sana'armu. Da kalmar "sabuntawa" muke cin abinci, don haka mun san ta ciki da bai. Akwai sabuntawar da ke toshe ɓaraka ko ta gyara abin da ya lalace, wannan dole ce. Akwai kuma wadda ba ta da aiki sai sa wa mutum jin cewa abin hannunsa ya tsufa. Ta biyun ta fi kawo riba, shi ya sa ta fi yawa. Abin takaici shi ne a ga wannan cuta ta kasuwar waya ta tsallako ta kama na'urar da ta fi kowace ƙarfin garkuwa daga gare ta.

Ga dalili. A waya, ko a kyamarar zamani, abin da ke karɓar haske manne yake a jikinta, tare da manhajar da ke gyara hoton. In kana son wanda ya fi shi, dole ka sauya na'urar ɗungurungum. Kyamarar fim kuwa akwati ce mai duhu, aikinta uku: ta riƙe fim a miƙe, ta hana haske shiga, ta ɗaga labule na ɗan lokacin da aka umarce ta sannan ta sauke. Hoton kansa gilashin da ke gaba ne yake zana shi, fim ya karɓa, mai wanki ya fito da shi. Abin da ke karɓar hasken ana sauya shi duk bayan hoto 36. Kodak ta fitar da fim ɗin Ektar 100 a 2008, ta sake fasalin Portra 400 a 2010. Duk wanda ya zura ɗayansu a kyamarar 1976 ya ci moriyar ci gaban shekara talatin da ɗoriya na ilimin sinadari, bai sayi ko noti ɗaya ba. A ɗauki gilashi guda na Nikon, a ɗaura a kan FM2, a cire a ɗaura a kan F3 ta ƙwararru, fim iri ɗaya, haske iri ɗaya, a wanke wuri ɗaya, a shimfiɗa hotunan biyu a tabarma. Dillalin da ya fi kowa baki ba zai iya nuna wace ta ɗauki wane ba.

To da me kyamarorin suka bambanta? Da abin da suke iya jurewa, da abin da suke buƙata kafin su yi aiki. A nan ne ya kamata mutumin Sifawa ya daina sauraron mai magana daga Tokyo ko Landan, domin ƙasarsa daban, tamu daban. Muna da Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Muna da hunturu, da ƙurarsa mai shiga har cikin akwatin da aka kulle. Muna da damina, gajera ce amma ta isa fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi. Mai gyaran kyamarar fim kuwa ba a bakin kasuwa yake zaune yana jiranmu ba. Da wannan mudun za a auna.

Pentax K1000 ta fito a 1976, ba a daina ƙera ta ba sai 1997. Labulenta da sifirin yake aiki, daga daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Ɗan batirin da ke cikinta, irin na agogo da kalkuleta, ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa. In ya mutu kyamara ta ci gaba da ɗauka. Ba ta da abin burgewa. Shi ya sa makarantun koyon hoto suka riƙe ta shekara da shekaru, kuma shi ya sa masu gayu ke mata laƙabin ta 'yan koyo, kamar dai sauƙin sarrafawa aibi ne.

Canon AE-1 sa'arta ce, ita ma 1976, kuma a zamaninta ita ce abin yayi, don an sa mata ƙwaƙwalwar lantarki mai zaɓa wa mai ɗauka girman ƙofar haske. Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, ai ita ya kamata a ji muna wa kirari. Sai dai wannan ƙwaƙwalwar ita ce rauninta a yau. Ba batir mai ƙarfin bolt shida, ba hoto. Labulen ko motsi ba zai yi ba. Batirin kuma ba a kowane tebur ake samunsa ba. In wani abu ya ƙone a cikinta babu kamfanin da ke ƙera sabo, sai dai a yanka wata AE-1 a ciro. Kuma Canon ɗin nan ce a 1987, da ta fito da tsarin EOS, ta sauya bakin da ake ɗaura gilashi gaba ɗaya, ta bar masu tsofaffin gilasanta da kaya a hannu. Wanda ya sayar da K1000 ya sayi AE-1 yana ganin hawa ya yi, alhali gangara ya yi.

Olympus OM-1 ta farkon shekarun 1970 ƙarama ce, kyakkyawa, ita ma da sifirin take aiki, amma an gina ma'aunin haskenta a kan batir mai sinadarin zaiba, wanda aka daina yi saboda guba ne. Na yanzu ya ɗan fi shi ƙarfi, sai allurar ta riƙa yin ƙarya. Yashica FX-3 ta 1979 ita ce ta talaka. Fatar jikinta takan saɓule ta bar danƙo a hannu, sai mutane su ɗauka ta mutu, alhali cikinta lafiya lau, kuma bakinta yana karɓar gilasan Zeiss da aka yi wa Contax mai tsada. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet, daga masana'antar Krasnogorsk kusa da Mosko, nauyinta ya isa a daka yaji da ita, gudunta biyar ne kacal, daga ɗaya bisa talatin zuwa ɗaya bisa ɗari biyar, ba ta san batir ba sam. Ita ake wa dariya. Amma gilashin Helios-44 da take zuwa da shi, masu shirya fim a Turai da Amurka suna nemansa yanzu suna ɗaurawa a kyamarori masu tsadar gida. Saurayinmu zai ba da shi a matsayin gyara a kan cinikin kyamarar.

Saura Nikon FM2, burin masu son sauyi. Ba za mu zalunce ta ba. Ta fito a 1982, aka ci gaba da ƙera ta har 2001, labulenta na ƙarfe ne, yana kai ɗaya bisa dubu huɗu na daƙiƙa ba tare da batir ba. Kyamara ce ta gaske. Masu ita suna da hujja guda mai nauyi, ita ce ranar ƙasar Sakkwato. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ta ce da tsakar rana, da fim mai lamba 100, a sa ƙofar haske a 16, gudu a 125. Duk buɗa ƙofa mataki ɗaya sai a ninka gudu. Mai K1000 zai tsaya a 5.6, don gudunsa ya ƙare a dubu. Mai FM2 zai wuce har 2.8, inda bayan mutum ke narkewa ya zama dishi-dishi, fuskar ta fito ita kaɗai. Wannan gaskiya ce. Amma duk fifikon mataki biyu ne, kuma akwai ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gaban idon kyamara, kamar tabarau, mai rage haske mataki biyu ko uku, farashinsa kuma ko kusa bai kama ƙafar na FM2 ba.

Sannan wa ya ce a tsayar da mutum a tsakar rana? Tsofaffin masu hotonmu ba su karanta littafi ba amma sun san wannan. Baƙar fuska, farar babbar riga, rana a tsakiyar ka: rigar ta ƙone fat, idanu su zama rami, hula ta jefa inuwa har hanci. Babu kyamarar da ke gyara wannan, ko da ta Jamus ce. Inuwar zaure ke gyara shi, ko gindin bedi, ko haƙurin jiran la'asar sakaliya. Wanda bai koyi wannan ba, ko ya sayi gudun dubu huɗu, mummunan hoto zai ɗauka cikin gaggawa.

Sauyi ɗaya ne muka yarda yana canza hoton kansa, shi ne ƙara girman nagatif. Fim na yau da kullum faɗinsa milimita 24 ne, tsawonsa 36. Yashica Mat-124G, wadda aka ƙera daga 1970 zuwa 1986, da Rolleiflex da ta kwaikwaya, masu ido biyu da ake leƙawa ta sama, suna ba da murabba'i mai kusan milimita 56 kowane gefe. Ya ninka wancan sau uku da rabi da 'yan kai. A irin wannan nagatif ana ƙirga zaren aikin wuyan riga. Amma hoto 12 ne a nadi maimakon 36, kuma mai wanke shi ya fi wuyar samu. Wanda ya riga ya ƙware, yana da abin da yake son bugawa babba ya rataye, ya je. Wanda bai gama fim goma ba a rayuwarsa, me zai yi da shi?

Mu zo maganar aljihu, inda dillalai ba sa son a tsaya. Fim daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa. A watan Mayu na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Dakunan wankin hoto mai kala da a da ake kai wa fim sun koma buga hoton waya da memori, ko sun rufe. Yanzu sai an yi cigiya, sau da yawa a ƙare da aika fim wani gari mai nisa ta tasha, ya yini a gaban mota rana tana gasa shi, alhali zafi shi ne babban maƙiyin fim. Wanda ya ce zai wanke baƙi-da-fari da kansa zai tarar littattafai suna cewa ruwa ya zama digiri 20, a garin da ruwan randa ma sai an lallaɓa shi a watan Afrilu. Duk wannan kafin a ga hoto ɗaya. Kuɗin da ke tsakanin kyamarar hannunka da wadda kake hange, fim ne da wanki masu yawa, kuma ɗauka da dubawa da sake ɗauka su ke gyara idon mai hoto.

Kuma me za ka saya? Kyamara mai shekara arba'in, a hoto, daga hannun wanda ba ka taɓa gani ba. Cinikin biri a sama ke nan. Soson da ke bin bakin murfi yana hana haske shiga narkewa yake ya zama kwalta, man cikin gilashi yakan malalo ya liƙe ƙofar haske, gudu yakan yi sanyi, dubu ya koma ɗari bakwai ba wanda ya sani. Waɗannan cututtuka ba su san Nikon ba, ba su san Zenit ba. Ta gidanku aƙalla ka san tarihinta, ka san inda ta kwana. Sauya soso da share gilashi aikin yini ɗaya ne ga mai natsuwa da hannu irin na mai gyaran agogo.

Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Mai hali da ke son Leica don yana son Leica, kamar yadda wani ke son doki ko agogo, Allah ya sa alheri. Ya dai kira abin da sunansa. Kada ya zauna a majalisa yana gaya wa ɗalibin da ke tara kuɗin makaranta cewa hotonsa bai yi kyau ba ne saboda kyamararsa.

Akwai kuma wani camfi da ya zo tare da yayin, wai fim shi ne launi na gaskiya, waya ƙarya ce. A yi hattara. A shekarun 1950 Kodak ta fara raba wa ɗakunan wanki katin gwaji mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley, a kansa ake saita launi. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa cikin waɗanda suka matsa wa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launin ƙasa-ƙasa har da masu sayar da cakulan da kayan katako. Wato fatarmu ta shiga lissafi ne a bayan kujera da alewa. Kamfanin da ke ƙera Tecno kuwa da gangan ya saita kyamarar wayoyinsa don baƙar fata, kuma yana cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. In fuskar amarya a ɗaki mai ƙarancin haske ake magana, wayar da ke aljihun ƙanwarka za ta ba AE-1 kunya.

Abin da fim ya fi waya da shi ɗaya ne: yana barin nagatif. Abu ne da ake riƙewa a hannu, a ɗaga a haske a gani, ba lambar sirri, ba data, ba kamfani a tsakani. A nan ne muke cewa an bar jaki ana dukan taiki. Ana gardamar wace kyamara za ta ɗauki sabon nagatif mafi kyau, tsofaffin da aka riga aka ɗauka a Sifawa da Boɗinga da Shagari suna ruɓewa a kwali.

Duk wanda ya girma a yankin nan kafin waya ta yi ido ya san mai hoto. Yana zuwa a keke ko babur, jaka a kafaɗa, ranar Sallah, ranar suna, ranar saukar karatu, ranar da 'yan aji shida za su bar firamare. Shi ke ɗaukar fasfo na maniyyaci da na mai neman aikin gwamnati. Sai fim ya cika ya kai birni a wanko, bayan kwanaki ya dawo da ambulan. Kai ka karɓi kati, nagatif ya zauna a wurinsa, don da shi zai sake buga maka in ka nema. Ashe ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne ma'ajin fuskokin gari. Katin da ke albam ɗin gidanku ya koɗe ya yi ja, wani yaro ya yage rabi, ruwan sama ya liƙe sauran. Nagatif ɗinsa, in yana raye, ya fi katin bayani nesa ba kusa ba. Kuma bayan fuskar kakanka akwai abin da mai hoton bai ma nufa ba: ginin ƙasa da aka rushe, itacen da aka sare, ɗinkin da aka daina, rumfunan kasuwa kafin kwano.

Duba Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu a kan hanyar nan. Ya mulki Najeriya daga 1 ga Oktoba 1979 zuwa 31 ga Disamba 1983, daidai zamanin K1000 da AE-1, don haka duk hotonsa na mulki a fim aka ɗauka. Hoton ziyararsa ga Jimmy Carter a Oktoban 1980 yana nan a ma'ajiyar Amurka, da kwanan wata, kowa na iya nema. To ina na mutanen garinsa da suka yi layi a bakin titi ranar da ya zo gida? Ina na ɗaliban da ya koyar kafin siyasa? Wanda ya ɗauki Shugaba a Washinton yana da hukumar da ke adana masa. Wanda ya ɗauki talakawansa yana da kwalin madara da ɗakin da ke yoyo.

Nagatif ba ya mutuwa farat ɗaya. Robar da aka yi yawancinsu da ita, in zafi da laima suka haɗu, takan fara sakin wani wari mai tsami irin na ruwan kal, ta lanƙwashe, ta tsuke, fuskar hoton ta tattare. Warin yana kama na kusa da shi, kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwando. Na kala ya fi saurin tafiya don rini ne, rini kuwa koɗewa yake. Baƙi-da-fari azurfa ce, ta fi juriya. Gara tana cin ambulan da kwalin. Mafi saurin kisa kuwa shi ne ranar rabon gado. Magada za su ga kyamara su san kuɗi ce, dillali ya ɗauka ta tafi birni ta zama abin wuya ga ɗan gayu. Kwalin nagatif kuma shara ce, a ƙone, ko a ba yara su leƙa rana da shi.

Wani zai ce ai yanzu komai yana waya, ba abin da zai sake ɓata. Wannan fagenmu ne, kuma muna gaya maka ba haka ba ne. An rufe BBM ranar 31 ga Mayun 2019. Ina hotunan da aka yi ta aikawa a cikinsa? A shekarar ce MySpace ya amsa cewa ya ɓatar da waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 wajen sauya rumbun ajiya. Google ya daina ajiye hoto kyauta ba iyaka daga 1 ga Yunin 2021, kuma daga Disambar 2023 ya ba kansa damar share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. WhatsApp yana matse hoto kafin ya isar, ya zubar da yawancin bayaninsa. A nan gida matsalar ma ba ta kai can ba: mutum nawa ne yaron shagon waya ya buɗe musu Gmail, ya zaɓa musu lambar sirri, waya ta faɗa rijiya ko aka sace, shekara biyar na hotunan 'ya'ya suka bi ta? Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa zamanin nan na iya zama wanda na baya za su rasa labarinsa, ya ba da shawarar a buga hotunan da ake ƙauna a takarda. Wanda ya gina gidan ne ke cewa kada a ajiye komai a cikinsa kaɗai.

Mutumin Sifawa bai kamata a koya masa wannan ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a garin nan daga wajen 1810 zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817, ƙaninsa Abdullahi kuma yana Boɗinga. Shekarun karantarwa ne da rubutu. Littattafan da aka rubuta a lokacin sun iso gare mu bayan shekara ɗari biyu, a ƙasa mai gara da gobara da yaƙi, domin almajirai sun kwafa, na bayansu sun sake kwafa, aka watsa su gari gari, in na wannan gida ya ci wuta na wancan yana nan. Ba mu taɓa jin an yi gardamar wane kara aka fere alƙalamin da shi ba. Abin da mu 'yan kwamfuta muke koyarwa yau da sunan dabara, wato kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari, shi masu allo da tawada suka yi a nan.

Masu son sauya kyamara su kuma ji labarin Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe shagon hoto a 1948, kuma an ruwaito cewa babbar kyamarar da ya yi aiki da ita labulenta a lalace yake, da hannu yake cire murfin gilashi ya mayar. A 1991 aka nuna hotunansa a Niyok da rubutun cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Da aka bi sawu aka same shi a Bamako, abin da ya sa sunansa ya cika duniya shi ne ya adana dubban nagatif ɗinsa. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya karɓi babbar lambar yabo ta Zinariyar Zaki a Banis a 2007, da hotunan samari da 'yan matan unguwa. A Mbouda ta Kamaru, shirin ceton ma'ajiyoyi na Laburaren Birtaniya, wanda aka kafa a 2004, ya ɗauki nauyin kwafe dubban nagatif na mai hoton gari Jacques Toussele. Ba wanda ya ce masu hotonmu duk Keïta ne. Amma ba za a taɓa sani ba in kwalin ya riga ya ƙone. Kuma labarin Keïta yana da wutsiya mai ɗaci, don rikicin mallakar nagatif ɗinsa sai da ya kai kotu. Darasin da ke ciki: a kwafa a nan, asali ya zauna a hannun masu shi, a rubuta yarjejeniya kafin baƙo ya zo da fara'a.

Aikin bai fi ƙarfin matasan da ke gardamar Pentax da Nikon ba, su ne ma suka fi dacewa da shi, don sun riga sun san yadda ake riƙe fim ta gefe ba a sa masa yatsa ba. Kuɗin FM2 ɗaya ya isa a fara. Ana buƙatar farin haske mai daidaito a ƙasa, abin da zai riƙe kyamarar zamani ko waya mai kyau a sama ba rawa, da manhajar da ke juya nagatif ya zama hoto, akwai na kyauta. In an samu na'urar sikanin mai ɗaukar ɗigo 2400 a inci, kowane hoto zai ba da kusan megafiksel takwas, ya isa a buga shi babba. A fitar da nagatif daga leda a sa a ambulan na takarda, a ɗaga daga ƙasa, a nisanta shi da ɗakin da kwano ke gasawa. A zauna da mai hoton in yana da rai, ko da dattawan unguwa, a rubuta suna da shekara da wuri, don hoton da ba suna rabinsa ya riga ya ɓata. A buga waɗanda suka fi muhimmanci, a rubuta bayansu da fensir.

Za a ce akwai hotunan matan aure da na mamata a ciki, ba kowane gida zai so a gani ba. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi a kan mai gaggawar ɗorawa a Facebook don a yaba masa. Kwafewa daban, bazawa daban. Hoton gida na gidan ne: a kai musu, su ce a ajiye, ko a nuna, ko a ba su abinsu. Na kasuwa da hawan Sallah da makaranta da gine-gine, waɗannan na gari ne, kuma kwafinsu ya cancanci gurbi a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna, kusa da takardun da ake adanawa can. Masu unguwanni da hakimai sun san gidan kowane tsohon mai hoto daga Boɗinga har Shagari, tambaya ɗaya ta isa a samu sunayen.

A fara kafin ruwan farko ya sauka, kuma a fara da hanci: a buɗe kwali a shinshina, duk ambulan da ya fara tsami a ware shi daga 'yan uwansa, shi za a fara kwafewa. Na kala su biyo baya, baƙi-da-fari a ƙarshe.